Daƙiƙa 90: Yadda Ake Auna Nawar Tunani a Cutar MS

Tun shekarar 1983 likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya suke da ma'auni guda da suke ɗora mai cutar maltiful siklerosis a kai, cutar da aka fi sani da MS. John Kurtzke na Amurka ne ya tsara shi, daga 0 zuwa 10, ana kiransa EDSS. Daga tsakiyarsa zuwa sama kusan tambaya ɗaya yake yi, wato ko ƙafa na tafiya. Mai maki 4 yana iya taka mita 500 ba tare da tallafi ba, mai 6 sai da sanda, mai 7 ya koma keken guragu. Ma'aunin ya yi aiki, har gobe kuma ana amfani da shi. Matsalarsa ita ce mace za ta iya shiga ɗakin likita da ƙafarta, a rubuta mata maki 2, a ce mata ta gode wa Allah, alhali a wurin aiki taro ya fara gagararta. Kafin ta gama fahimtar maganar mutum na farko, na uku ya soma tasa. Ba mantuwa ke damunta ba, hankalinta kuma bai gushe ba. Komai ne yake iso mata a makare.

A 2006 masu bincike a Italiya, ƙarƙashin Maria Pia Amato, suka duba mutum 163 da ake cewa cutarsu mai sauƙi ce, don sun yi aƙalla shekara 15 da ita makinsu na EDSS bai wuce 3 ba. Kashi 45 cikin 100 sun nuna rauni a gwajin tunani. Ke nan kusan rabin waɗanda aka yi wa barka suna ɗauke da nakasar da ma'aunin bai gani ba.

Abin ba sabo ba ne. Jean-Martin Charcot, wanda ya fayyace cutar a asibitin Salpêtrière na Faris a 1868, ya lura cewa marasa lafiyarsa na fama da raunin tunawa da jinkirin harhaɗa tunani. Amma sai da aka shafe fiye da shekara 100 kafin a ɗauki batun da muhimmanci. A 1991 Stephen Rao da abokan aikinsa a Milwaukee suka gwada masu cutar 100 da masu lafiya 100, suka sami rauni a kashi 43 cikin 100 na masu cutar, suka kuma nuna cewa masu wannan rauni sun fi rasa aikin yi. A ƙididdigar 2020 duniya na da masu MS kimanin miliyan 2.8, mata sun ninka maza, kuma yawanci ana gano ta tsakanin shekara 20 da 40, wato lokacin da mutum yake gina aiki da iyali.

Dalilin nawar yana cikin yanayin cutar kanta. Zaren jijiya a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani yana lulluɓe da wata riga mai kitse da ake kira mayelin. Zare mai kauri da ke da wannan riga yana iya kai saƙo da gudun da ya haura mita 100 a daƙiƙa, wanda ba shi da ita kuwa mita 1 ko 2 yake yi. A MS garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa rigar. Kamar hanyar kwalta ce da ruwa ya farfasa: mota za ta isa, amma ba a kan lokaci ba. Ana ma iya ganin jinkirin da na'ura. Idan aka haska wa ido zane mai juyawa, saƙon yana isa bayan ƙwaƙwalwa cikin kusan kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, kuma tun 1972 Martin Halliday a Landan ya nuna cewa wannan lokaci yana tsawaita ga wanda jijiyar ganinsa ta taɓa kumbura. Tunani kuwa ba zare ɗaya yake bi ba. Sassa da yawa ne suke miƙa wa juna saƙo, ɗan jinkiri nan ɗan jinkiri can ya taru ya zama babba. Shi ya sa motsewar talamus, wata mahaɗa a tsakiyar ƙwaƙwalwa da hanyoyi da yawa ke ratsawa, tana cikin alamun hoton MRI da suka fi tafiya tare da nawar tunani.

Wani bincike na 1999 daga cibiyar Kessler ta New Jersey ya sa aka gane cewa sauri shi ne tushen matsalar. Heath Demaree da John DeLuca da abokansu suka ba masu MS aikin riƙe lambobi a ka da sarrafa su, amma suka daidaita gudun aikin da gudun kowane mutum. Da aka ba su isasshen lokaci, amsoshinsu sun yi daidai da na masu lafiya. Ma'ana, wani ɓangare na abin da ake ɗauka mantuwa ce ko rashin natsuwa, asalinsa bayani ne da bai sami lokacin shiga ba. Wannan ya canza tambayar da ake yi a asibiti, ya koma neman hanyar auna saurin kansa.

Gwajin da ya fara mamaye fagen shi ne PASAT, wanda Dorothy Gronwall ta Niyu Zilan ta wallafa a 1977 don masu buguwar kai. Murya ce ke faɗin lamba kowace daƙiƙa 3, mutum kuma ya tara ta ƙarshe da wadda ta gabace ta. Aka ce 3, aka ce 5, ka ce 8. Aka ce 2, amsa 7 ce, ba 10 ba, don dole ka watsar da amsarka ka koma kan 5. Haka har amsa 60. A 1999 aka saka shi cikin gwaje-gwaje uku na binciken magungunan MS, tare da tafiyar nisan ƙafa 25 da jera turaku 9 a ramuka. Marasa lafiya sun tsane shi, kuma da gaskiyarsu. Yana tayar da hankali, yana fifita wanda ya iya lissafi, yana cakuɗa sauri da ƙarfin riƙe abu a ka, sannan wasu kan gano dabarar tsallake lamba ɗaya su amsa ta gaba, makinsu ya yi kyau ba tare da sun yi ainihin aikin ba. Gwajin da mutum zai ƙi dawowa ya sake yi ba shi da amfani ga cutar da za a bi shekara 30.

Wanda ya gaje shi ya girme shi da 'yan shekaru. SDMT, gwajin alama da lamba, Aaron Smith ne ya fito da shi a 1973. A saman takarda akwai alamomi 9, kowace da lambarta daga 1 zuwa 9. A ƙasa kuma layuka ne na alamomin a hargitse. Aikin mutum ya riƙa faɗin lambar kowace alama da iyakar saurinsa har daƙiƙa 90, makinsa shi ne yawan waɗanda ya dace. Ga masu MS da baki ake amsawa, ba da alƙalami ba, don kada rawar hannu ta shiga lissafi. Duka-duka minti 5 ne, kuma ma'aikaciyar jinya da aka koya wa za ta iya gudanar da shi. A 2012 wani kwamitin ƙasa da ƙasa da Dawn Langdon ta Ingila da Ralph Benedict na Amurka suka jagoranta ya sa shi a gaban ɗan gajeren jerin gwaji na minti 15 mai suna BICAMS, tare da gwajin tuna kalmomi da na tuna zane, ya ce in minti 5 kawai ake da shi, to a yi SDMT. A 2018 ƙungiyar MS ta Amurka ta ba da shawarar a yi shi da wuri ga duk mai cutar daga shekara 8 zuwa sama, a lokacin da cutar ta lafa, a kuma maimaita kowace shekara.

To, me wannan gwaji yake nunawa idan aka jera nau'o'in cutar? Tun 1996 Fred Lublin da Stephen Reingold suka rarraba tafiyarta, aka sabunta rabon a 2013. Akwai harin farko, inda mutum ya sami alama guda, kamar dushewar ido ɗaya ko mutuwar sashen jiki, ba a kai ga tabbatar da cutar ba tukuna. Akwai mai tashi da lafawa, wadda kimanin kashi 85 cikin 100 suke farawa da ita: hari ya zo ya yi makonni, ya tafi, a sami sauƙi. Cikin waɗannan wasu bayan shekaru cutarsu kan rikiɗe ta zama mai zarcewa daga baya, inda nakasa ke ƙaruwa sannu a hankali ko da hari ko babu. Sai kashi 10 zuwa 15 da tasu mai zarcewa ce tun farko, babu lafawa, kuma yawanci tana kama su wajen shekara 40, kusan shekara 10 bayan sauran.

A dunƙule binciken ya yarda a kan abu biyu. Nawar tunani tana bayyana a dukkan nau'o'in, har a harin farko, har ma ga wasu da aka ga tabon cutar a hoton MRI kwatsam alhali ba su taɓa kokawa da komai ba. Sannan ta fi yawa kuma ta fi tsanani a nau'o'in masu zarcewa. Wani babban bincike na Italiya da Luis Ruano da abokansa suka wallafa a 2017, kan mutum 1,040, ya sami raunin tunani a kusan kashi 35 cikin 100 na masu harin farko, kusan 45 na masu tashi da lafawa, 79 na masu zarcewa daga baya, da 91 na masu zarcewa tun farko, kuma saurin sarrafa bayani ne ya fi taɓuwa.

Wanda ya tsaya a kan waɗannan lambobi zai ce magana ta ƙare, nau'in cutar shi ke yanke hukunci. Amma masu binciken da kansu ba su tsaya nan ba. Da suka sa shekarun mutum da girman nakasar jikinsa cikin lissafi, sai nauyin sunan nau'in ya ragu ƙwarai, shekaru da nakasa suka fito a matsayin manyan masu jan ragama. Abin da sauƙin ganewa. Mai zarcewa daga baya ya riga ya daɗe da cutar, ya kuma manyanta. Mai zarcewa tun farko shi ma ya fi mai tashi da lafawa shekaru. Tsufa kuwa shi kaɗai yana rage maki a SDMT ko ga mai cikakkiyar lafiya. Idan aka kwatanta 'yar shekara 28 da ɗan shekara 55 aka ga bambanci, ba a san kason cuta da kason shekaru ba sai an tace. Wannan ne ma ya sa aka daɗe ana samun saɓani kan wace ce ta fi muni tsakanin masu zarcewa biyun: wani bincike ya ce ta daga baya, wani ya ce ta tun farko. Rukunin masu zarcewa tun farko kan zama ƙarami a kusan kowane bincike, kuma kowane mai bincike da inda yake ja layin da zai kira mutum mai rauni. Wanda ya sassauta layin zai sami masu rauni da yawa, wanda ya tsaurara ya sami kaɗan.

Su kansu katangun da ke tsakanin nau'o'in sun fara tsagewa. A 2020 Ludwig Kappos na Basel da abokansa suka sake nazarin bayanan manyan gwaje-gwajen magani guda biyu na masu tashi da lafawa, suka ga cewa mafi yawan ƙaruwar nakasa ta faru ne ba tare da wani hari ba. Wato zarcewar tana iya somawa a ɓoye tun mutum yana ɗauke da sunan mai tashi da lafawa. Likitoci kuma kan yi kusan shekara 3 suna waswasi kafin su furta cewa cutar wani ta rikiɗe. A ganina nan ne auna sauri ya fi daraja. Amfaninsa wajen bambanta rukuni da rukuni kaɗan ne idan aka kwatanta da amfaninsa wajen nuna cewa mutum guda ya fara gangarowa alhali ƙafarsa ba ta nuna komai ba.

Sai dai daƙiƙa 90 ɗin nan ba tunani kaɗai suke aunawa ba, kuma wannan shi ne abin da aka fi sakaci da shi. Kafin mutum ya faɗi lamba ɗaya, ido ya ga alamar, ya yi tsalle zuwa saman takarda, ya dawo bai ɓata wurinsa ba, ƙwaƙwalwa ta haɗa alama da lamba, sannan harshe ya furta. MS tana taɓa dukkan matakan. Tana dusashe gani, tana sa ido rawa ko ta hana idanu biyu tafiya tare, tana nauyaya harshe. Silvana Costa da abokanta na Kessler sun jawo hankali a 2017 cewa saurin da ake magana a kai kashi uku ne, na shigar saƙo ta gaɓoɓin ji da gani, na sarrafa shi, da na fitar da amsa, kuma yawancin gwaje-gwaje suna dunƙule su a maki ɗaya. Abin lura shi ne matsalar ido da harshe da hannu ta fi yawa a nau'o'in masu zarcewa, wato daidai wurin da maki ya fi faɗuwa. Don haka wani yanki na tazarar da ake gani tsakanin nau'o'i ba daga tunani yake ba. Masu bincike da suka damu da wannan kan ƙara gwaji a kwamfuta: su auna lokacin da mutum ke ɗauka ya danna maɓalli da zarar ya ga alama, sannan su auna lokacin da yake ɗauka idan sai ya zaɓa tsakanin abu biyu, su cire na farko daga na biyu. Abin da ya rage ya fi kusa da lokacin tunani tsantsa. A asibiti kuwa, inda babu wannan, mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne a duba gani da furuci kafin a fassara maki.

Maimaitawa ita ma da nata tarkon. Wanda ya yi gwajin sau da yawa yana sabawa, yana ma haddace wace alama ke tafiya da wace lamba. A 2021 Marcus Koch na Calgary da abokansa suka duba bayanan wani babban gwajin magani na masu zarcewa daga baya, inda aka riƙa yin SDMT akai-akai har shekara 2, suka tarar matsakaicin maki hauhawa ya yi, a cutar da kowa ya san gaba take ci. Sabo ya rufe lalacewa. Maganin wannan shi ne a riƙa canza jerin alamomin kuma kada a cika yin gwajin kusa da kusa. Nau'in da Rao ya fitar a 2017 a asibitin Cleveland, wanda ake yi a kan iPad, yana sauya jerin a kowane zama, amma ya dawo da yatsa cikin lissafi, abin da aka guje wa tun farko. Manhajojin waya da ke barin mutum ya gwada kansa a gida suna da wannan matsala, ga kuma ta hayaniyar gida da girman fuskar waya.

Faɗuwar maki nawa ce abin damuwa? An saba cewa maki 4, ko kashi 10 cikin 100, domin an ga faɗuwa irin wannan tana tafiya da rasa aiki ko rage matsayi, kuma ana ganin kwatankwacinta a lokacin hari. Da wannan layi aka yi amfani a gwajin maganin siponimod kan mutum 1,651 masu zarcewa daga baya, inda nazarin da ya fito a 2021 ya nuna masu shan maganin sun fi tsira daga faɗuwa mai ɗorewa, ko da yake ba wannan ce babbar tambayar da aka shirya gwajin don amsawa ba. Amma maki 4 ma'aunin rukuni ne. Mutum guda yana iya hawa ko sauka da 4 tsakanin Litinin da Alhamis ba tare da komai ya canza a ƙwaƙwalwarsa ba. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna cewa ga mutum ɗaya sai faɗuwar ta kai wajen maki 8 kafin a ce da ƙarfin gwiwa ba sauyin yau da gobe ba ne. Likitan da ya canza wa mutum magani saboda maki 4 na rana ɗaya ya yi gaggawa.

Abubuwan da ke girgiza maki na rana ɗaya suna da yawa: gajiya, wadda ita ce kukan da masu MS suka fi yi, rashin barci, zazzaɓi ko ciwon mafitsara, magungunan sassauta tsoka da na riƙe fitsari da na barci, da ciwon damuwa, wanda ke kama kusan rabin masu cutar a wani lokaci na rayuwarsu. Damuwar tana da wata illa ta daban. Idan aka tambayi mutum yadda yake ganin tunaninsa, amsarsa ta fi bin halin zuciyarsa fiye da makin gwajinsa, yayin da abin da miji ko mata ko 'yar'uwa suka lura da shi ya fi kusa da gwajin. Shi ya sa tambayar "ya kake jin kanka?" ba ta wadatar ba. Ga kuma zafi. Tun 1890 Wilhelm Uhthoff na Jamus ya bayyana yadda ganin wasu masu cutar ke dushewa idan jiki ya ɗumama, kuma a 2012 Victoria Leavitt da abokanta suka nuna cewa makin tunani na masu MS yana raguwa a ranaku masu ɗumi, a yanayin New Jersey ma. Wanda aka gwada a Sakkwato ko Maiduguri da tsakar ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40 kuma babu wuta, bai kamata a kwatanta makinsa da wanda ya samu da safiyar hunturu ba.

Cutar ba ta da yawa a Afirka kudu da Sahara idan aka kwatanta da Turai da Arewacin Amurka, ko da yake ƙarancin likitocin jijiya da na'urar MRI yana ɓoye wasu. Amma ga 'yan kaɗan ɗin da ke nan, da 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje, akwai wata matsala ta ƙarshe. Don a ce makin mutum ya yi ƙasa, sai an kwatanta shi da na masu lafiya sa'o'insa, masu irin karatunsa. Waɗannan jadawalin kwatance an fi gina su a Amurka da Turai, sai ƙasashe irin su Iran da Brazil da Masar da suka yi nasu. Wanda ya saba da jarrabawa mai agogo tun firamare ya fi wanda bai saba ba, ko da ƙwaƙwalwarsu ɗaya ce. Wanda idonsa ya tashi da karatun allo daga dama zuwa hagu za a ce ya bi layi daga hagu zuwa dama da gudu. Wanda ke magana da Hausa amma yake ƙirga da Turanci ko Faransanci zai ɓata lokaci in aka tilasta masa harshen da bai saba ƙirgawa da shi ba. Ɗora irin wannan mutum a kan jadawalin Amurka ko Turai zai iya mai da lafiyayye mai rauni. Akasin haka ma na faruwa: mai zurfin ilimi da ya faro daga sama sosai zai iya yin babbar asara makinsa bai fita daga sahun masu lafiya ba, a sallame shi a ce ba komai.

Duk waɗannan matsaloli hanyar rage su ɗaya ce, kuma ba ta da tsada: a riƙa kwatanta mutum da kansa. A ɗauki makin farko da wuri, lokacin da cutar ta lafa, a rubuta harshen da aka yi gwajin da shi, da lokacin rana, da halin ido da magungunan da yake sha, sannan a maimaita bayan shekara a yanayi iri ɗaya da jerin alamomi daban. Duk mai MS, ko mai kula da shi, da aka auna wa tafiya aka duba hoton ƙwaƙwalwa amma ba a taɓa ba shi takardar alama da lamba ba, ya nemi likitansa ya yi masa a zuwa na gaba, ya kuma karɓi makin a rubuce ya adana.